Lemon Ɗan Tsami na Kano, 2021: Wa Ke da Alhakin Buhun da Aka Farke?

A watan Maris na 2021, zafin bazara ya kankama, azumi saura 'yan makonni, asibitocin Kano suka fara cika da marasa lafiya masu alamu iri ɗaya: amai, jiri, kasala, zazzaɓi, wasu idanunsu sun yi ɗorawa, fitsari kuwa ya koma ja ko ya yi duhu. Gari ya ɗauka cewa baƙuwar cuta ta shigo. Zuwa tsakiyar watan, Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta ce an kwantar da mutum sama da 280 daga ƙananan hukumomi 13, ciki har da na ƙwaryar birni irin su Dala da Gwale da Fagge, uku kuma sun riga mu gidan gaskiya. A watan Afrilu kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ba da alƙaluman da suka fi waɗannan muni: mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta, 50 daga cikinsu ƙodarsu ta taɓu.

Zaton farko ya tafi kan zazzaɓin Lassa da cutar shawara. Ba a yi laifi ba da aka zaci haka, don Maris yana cikin lokacin Lassa, ga jan fitsari, ga ɗorawar ido. Aka aika jini Abuja, sakamako ya dawo babu ko ɗaya. Tambayar marasa lafiya abin da suka ci da abin da suka sha ita ta karkato da binciken zuwa lemon haɗi, irin wanda ake kaɗawa da garin ɗanɗano da sukari da ɗan tsami. Bayanin da ya fara yawo shi ne wa'adin kayan haɗin ne ya ƙare. Sai da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, ta gwada abin da aka samo, sannan shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana cewa abin da aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin, wanda ba abin da ya haɗa shi da abinci. Ta kuma ce cikin lemuka biyar da aka danganta da lamarin, biyu ne kaɗai ke da rajistar hukumar.

Tsakanin bayanin farko da na biyu akwai rata mai faɗi. Ɗan tsami na gaskiya, wato sitirik asid, ko ya wuce kwanan watan da ke jikin buhunsa, iyakarsa ya ja danshi ya dunƙule. Ba ya farfasa jini, ba ya kai mutum wankin ƙoda. Duk wanda ya san sinadarai ya ji an ce ƙarewar wa'adi ce ta kwantar da ɗaruruwan mutane ya san da sauran magana. Illar wannan bayani kuwa ita ce yana tura jami'ai sito-sito suna ɗaga katan suna karanta kwanan wata, alhali abin da ke kisa yana cikin ƙullin leda marar suna marar kwanan wata.

Yadda doka ta raba aikin

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ware wani sashe ya ce sa ido kan abinci aikin wane ne ba. Warwatsa shi ya yi. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka akwai kwastan, da magunguna da guba, da cinikin da ke tsakanin Nijeriya da ƙasashen waje da wanda ke tsakanin jiha da jiha, da kafa hukumar da za ta tsara ma'aunin ingancin kayan sayarwa. Jadawali na Huɗu kuwa, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ba su kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da bayan-gidan jama'a, ya kuma ce su ne masu iko da shaguna da rumfuna da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abin ci. Asibitoci da duba nama da dokar lafiyar jama'a galibinsu suna hannun jiha, ta ma'aikatunta na lafiya da muhalli da gona.

A aikace rabon ya koma mai sauƙin faɗa. Abin da aka sarrafa, aka rufe, aka liƙa masa suna, na Tarayya ne. Abin da ke buɗe a tire ko bokiti ko kula, na ƙaramar hukuma ne. NAFDAC, wadda Doka ta 15 ta 1993 ta kafa, ikonta ya shafi shigo da kaya da fitar da su da sarrafawa da talla da rarrabawa da sayarwa, na abinci da magani da kayan kwalliya da kayan asibiti da ruwan roba da na leda, har da sinadarai. Kafin ta ba kaya lamba sai ta duba masana'anta, ta gwada samfur, ta tantance rubutun jikin kwali, kuma bayan shekara biyar ake sabunta rajistar. Hukumar SON, wadda ta samo asali a 1971, ita ke rubuta ma'aunin ingancin kaya. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana kare mai saye. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ita ke riƙe da manufa: a 2014 ta fitar da manufar ƙasa kan lafiyar abinci, aka kafa kwamitin da zai riƙa haɗa kan hukumomin. Ƙudurin da zai mayar da wannan manufa doka ya daɗe yana kai-komo a Majalisar Tarayya, kuma lokacin da abin Kano ya faru bai zama doka ba. Manufa kuwa shawara ce. Ba a kai mutum kotu da ita.

Jihar Kano tana da tata Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya, kuma a 2021, ƙarƙashin riƙon Baffa Babba Ɗan'agundi, ita aka fi gani a sumamen rumbuna da kwashe kaya. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kundi ya ba ƙaramar hukuma kasuwa, amma manyan kasuwannin birni irin ta Sabon Gari gwamnatin jiha ce ke naɗa shugabancinsu. Saboda haka ma'aikacin lafiyar ƙaramar hukuma da ya doshi irin wannan kasuwa, doka tana bayansa a takarda, amma a bakin ƙofa za a iya tambayarsa wa ya aiko shi.

Wannan rabo yana aiki daidai gwargwado matuƙar kaya sun tsaya a ɓangare ɗaya. Kwalin madara ya fito masana'anta a rufe, ya isa hannun mai saye a rufe, da lambarsa. Ƙosai kuma daga kasko zuwa takarda, a idon jama'a. Matsalar tana wajen kayan da ke shigowa a rufe su ƙare a buɗe, kuma kayan haɗin lemo da na burodi da na kek duk irinsu ne.

Tafiyar buhu ɗaya

Ɗan tsami kayan waje ne, kuma Sin ce ta fi kowace ƙasa yin sa. Yana zuwa a buhu mai kilo 25, farin gari mai tsaki-tsaki kamar sukari. Buhun da aka yi don abinci yana ɗauke da sunan sinadarin, da lambarsa ta duniya wato 330, da sunan kamfani, da lambar rukuni, da ranar yi da ranar ƙarewa, kuma mai shigowa yana riƙe da takardar gwajin wannan rukunin. Shi ma sinadarin masana'antu ba a shigo da shi sai da izinin NAFDAC, wanda ke bayyana wane sinadari ne, nawa ne yawansa, me za a yi da shi. Gishirin haidiroksilamin ana amfani da shi wajen haɗa sinadarin zaren nailan da aikin roba da rini da wankin hoto. Fari ne shi ma, yana narkewa a ruwa, kuma yana da tsami. Buhunsa na asali yana da alamun haɗari a jiki.

To, a wannan mataki Tarayya tana da ƙofofi biyu: tashar jiragen ruwa da iyakar ƙasa. Ta farkon ma ba kullum take a tsare ba, don daga 2011 zuwa Mayun 2018 an fitar da jami'an NAFDAC daga tashoshin ruwa da sunan rage cunkoso. Ta biyun kuwa, duk wanda ya san hanyoyin da ke kewaye Jibiya da Maigatari da Kongolam ya san kayan da aka sauke a Kwatano suka biyo ta Nijar ba duka ke bi ta gaban kwastan ba. Amma ko da sinadari ya shigo ta hanyar halas, yana iya ɓacewa daga baya: masana'anta ta rufe a yi gwanjon ragowar sitonta, ko buhu ya yage a juye shi a wani, ko ruwa ya goge rubutu. Daga nan ya zama farin gari mai tsami da ke neman mai saye a kan araha.

Sai ya iso hannun ɗan sari, a irin kasuwannin da ake sarin kayan masarufi da kayan haɗi. Nan ne ake farke ɗinki. Mai matsakaicin shago ya sayi mudu biyu, mai tebur ya sayi gwangwani uku, shi kuma ya ƙuƙƙulla a farar leda yana sayarwa ɗaiɗai. Da zarar an zare zaren bakin buhu, sunan kamfani da lambar rukuni da alamar haɗari duk sun tsaya a jikin buhun da za a sayar wa mai gawayi. Abin da ya rage wa garin shi ne sunan da mai shago ya kira shi da shi.

A ɗan yi lissafi don a ga girman abin. Lemon kwalba da na haɗi suna cin ɗan tsami tsakanin giram 1 zuwa 3 a kowace lita. A ɗauki giram 2. Buhu ɗaya mai kilo 25 zai tsamama lita 12,500, wato robar rabin lita 25,000. Buhu ɗaya tak ya isa ya zaga ƙananan hukumomi goma sha, ya shiga gidan biki da gidan suna da ƙofar makaranta da tashar mota, cikin kwanakin da zafi ke sa kowa neman abu mai sanyi. Ba a bukatar tirela guda ta guba kafin a cika asibitin Murtala na Kano.

Wa ke tsaye a wurin da ake farke buhun? A ƙa'ida, sake ƙunshe kayan abinci don sayarwa ba tare da suna da rajista ba ya saɓa wa dokokin NAFDAC. Amma awo da mudu da gwangwani shi ne cinikin kasuwa tun kaka da kakanni, kuma shugabar hukumar ta sha faɗa cewa ma'aikatanta kimanin 2,000 ne a faɗin ƙasa, ga tashoshin ruwa, ga filayen jirgi, ga masana'antu, ga kasuwannin magani. Ofishin jiha ɗaya ba zai leƙa kowane shago a ƙananan hukumomin Kano 44 ba. Wanda ƙafarsa ke taka wurin shi ne duba-gari. Shi kuma abin da aka horar da idonsa a kai shi ne kwata da ƙuda da bola da kumburarren gwangwani da kwanan wata. Farin gari mai tsabta a cikin sabuwar roba mai murfi zai ci wannan jarrabawa da maki cikakke.

Ƙarshen layi ita ce mai haɗa lemon, wadda sau da yawa matar aure ce a cikin gida, tana kaɗa zoɓo da jinja da lemo, ta ɗura a roba, ta sa ƙanƙara, yara su fita da kula. Ba ta da rajista da kowa, kuma babu wanda ya taɓa ce mata ta yi. Gwajinta ɗaya ne: ta lakato ta ɗora a harshe. Ta ji tsami. Harshe ba ya raba waɗannan sinadarai biyu, ido ma haka.

Daga gadon asibiti zuwa ɗakin gwaji

Haidiroksilamin jini yake kai wa hari, ta hanya biyu. Yana sauya sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini ya kasa aikinsa, sai leɓe da farce su yi duhu, jinin da aka ɗiba ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, na'urar auna iskar jini da ake maƙala wa a yatsa ta tsaya wajen kashi 85 ko an sa wa mutum iskar oksijin. Sannan yana farfasa ƙwayoyin kansu. Abin da ya tarwatse daga cikinsu shi ke rina fitsari, shi ke sa ido ɗorawa, shi ke toshe ƙananan bututun ƙoda har fitsari ya ɗauke. Akwai alamar da ƙaramin ɗakin gwaji ma zai iya kamawa: tsinken gwajin fitsari ya nuna jini, amma a ƙarƙashin madubi ba a ga ƙwayoyin jini sosai ba. Wannan farfashewa ce, ba zubar jini ba, kuma tana karkatar da tunani daga Lassa zuwa guba. Wani abin lura ga likita: ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ake gado, ya yawaita a tsakanin maza a Afirka ta Yamma. Masu shi sun fi jigata, kuma shuɗin maganin nan metilin bulu da aka saba bayarwa a irin wannan guba yana iya ƙara farfasa musu jini. Abin da ke ceto shi ne ƙarin ruwa da wuri, ƙarin jini idan ya yi ƙasa, auna fitsari awa-awa, da wankin ƙoda ga wanda tasa ta tsaya.

Tsarin kai rahoto yana nan, kuma shi ne ɓangaren da ya fi kowane tafiya daidai. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Asibiti ya ga tarin marasa lafiya da ba a gane kansu ba, ya sanar da shi cikin awa 24, shi ya sanar da babban jami'in annoba na jiha, jiha ta sanar da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wadda babban ɗakin gwajinta ke Gaduwa a Abuja. Sai dai an gina wannan hanya ne don ƙwayoyin cuta: Lassa, shawara, sanƙarau, kwalara, ƙyanda. Jinin mutum ya bi ta. Abin da mutumin ya sha kuwa hanyarsa daban, zuwa ɗakunan gwajin NAFDAC, mafi kusa da Kano yana Kaduna, babban na abinci yana Oshodi a Legas. Hanyoyin biyu ba su da mahaɗa ta dindindin a matakin ƙaramar hukuma. Jami'in cututtuka yana da fom da akwatin sanyi da kuɗin aika jini. Duba-gari ba shi da makamancinsu na aika lemo.

Nan ake asarar kwanaki. Ƙa'idar aiki ita ce a bi zato biyu a lokaci guda, kada a jira ɗaya ya faɗi sannan a ɗauko ɗayan. A ranar farko, yayin da ake ɗibar jini, wani ya zauna da dangi ya rubuta duk abin da mara lafiya ya ci ya sha cikin kwana uku, da inda aka saya. A jera sunaye a takarda ɗaya, da unguwa da ranar fara ciwo. Idan biki ne, a tambayi waɗanda suka halarta ba su kamu ba, don bambancin abin da suka sha da na waɗanda suka kwanta shi ke nuna hanya. Idan mutum biyar a gida ɗaya suka faɗi a wuni ɗaya, mai jinyarsu kuma lafiya lau bayan mako, to abin ya fi kama da tukunya ɗaya, ba yaɗuwa ba. Kafin magariba a je gidan a karɓo ragowar lemon da ragowar garin, kowanne a mazubi mai tsabta, a rufe, a rubuta suna da wuri da lokaci da sunan wanda ya karɓa, lemon a sa shi a sanyi.

Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne gaggawar kame. Da zarar labari ya bazu cewa an tafi da mai lemo ofishin 'yan sanda, duk mai ragowar gari a unguwar zai juye shi a kwata, mai shago ya ce bai taɓa sayar da ɗan tsami ba, ɗan sari ya kwashe sitonsa da dare. Mai lemo ita ce shaidar farko. Ita kaɗai ta san mai teburin da ta saya a wurinsa, shi kuma shi kaɗai ya san shagon da ya auno. Wanda ya tsorata ta a ranar farko ya tsinke zaren da zai kai shi ga buhun.

Duba-gari

Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda zai shiga gida ya buɗe randa, idan ya ga tsutsa a kai mai gida gaban alƙali. Makarantar koyon tsafta ta Kano tun zamanin Turawa take yaye su. Yau sunansu jami'an lafiyar muhalli, kuma tun dokar 2002 akwai majalisar ƙasa da ke yi musu rajista da lasisi. Ikonsu a dokar lafiyar jama'a ba kaɗan ba ne: shiga wurin sana'a, ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, kwace abincin da bai dace da ci ba, da gurfanar da mai laifi gaban majistare ko kotun tafi-da-gidanka. Su ke duba gidan abinci kafin a ba shi izini, su ke neman takardar gwajin lafiyar masu dafa abinci, wadda ake sabuntawa duk wata shida.

Ikon yana nan, kayan aiki ne babu. Duba abinci na gaske yana bukatar ma'aunin zafi, da kayan gwada ruwa, da kwalaben samfur, da akwatin sanyi, da babur mai mai. Kuɗin ƙaramar hukuma kuwa shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, kamar yadda sashe na 162 na kundi ya tanada, kuma abin da ke isa sakatariya albashi ke cinye mafi yawansa. Sashen da ba a ba shi kuɗin aiki, amma ake tambayarsa kuɗin shiga, dole ya koma ofishin yankan rasit. Izinin shago da takardar lafiyar mai abinci sai su zama haraji: a biya, a karɓi takarda, a liƙa a bango. Mai gidan burodi ya fi kowa sanin wannan, don NAFDAC za ta zo, jiha ta zo, ƙaramar hukuma ta zo, kowa da rasit ɗinsa, amma da wuya a samu wanda ya yanki burodin ya kai gwaji don neman sinadarin buromet da aka haramta tun zamanin tsohuwar shugabar NAFDAC, Dora Akunyili. Wuri ɗaya masu dubawa uku, wani wurin ko ɗaya babu.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar da hukuncin ɗari bisa ɗari, kotu ba ta rubuta wa kowane ciyaman kasafinsa ba. Kwalbati ana ganinta, ana ɗaukar hoto a gabanta; akwatin samfur ba ya kawo ƙuri'a.

Janyewa da shari'a

Kayan da ke da rajista janye su abu ne sananne: a kira kamfani, a faɗi lambar rukuni, a bi dillalai, a sanar. Garin da aka ƙulla a leda ba shi da lambar da za a kira. Hanya ɗaya ce ta rage, wato baki da baki: rediyo, masallatan Juma'a, shugabannin 'yan kasuwa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda aikin rigakafin shan-inna ya nuna suna iya kai saƙo kowane gida. Wannan hanya ba ta Tarayya ba ce. Jiha da ƙaramar hukuma da masarauta ke da ita. Kuma kalmomin sanarwar su ne komai. A ce wa mutane su guji kayan da wa'adinsu ya ƙare, sai mai ƙullin leda ta duba ta ga ba kwanan wata, ta ci gaba da haɗinta. Sanarwar da ke aiki ita ce mai cewa: duk ɗan tsamin da aka saya a awo daga mako kaza, kada a yi amfani da shi, kada a zubar, a kai wa mai unguwa, ba za a kama kowa ba.

Shari'a ma a rabe take. Laifin ƙazanta da sayar da ruɓaɓɓen abinci na majistare ne, tararsa ƙarama. Dokar Abinci da Magunguna ta shekarun 1970 ta haramta sayar da abincin da ke da guba a ciki, amma hukuncinta ga mutum ɗaya bai wuce tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun, ba. Dokar 1999 kan jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa ta fi tsanani, tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun, kuma Babbar Kotun Tarayya ke sauraronta. Kisa da gangan ko ta sakaci kuwa na 'yan sanda da ma'aikatar shari'a ta jiha ne. Ke nan wanda ya kwace kaya, da wanda ya gwada, da wanda zai shigar da ƙara, suna iya zama hukumomi uku a matakai uku. Lauyan wanda ake tuhuma tambaya ɗaya zai yi: wa ya tabbatar garin da aka gwada shi ne wanda aka ɗauka a shagon? Shi ya sa samfurin da za a kai kotu ake raba shi uku a gaban mai kaya, a rufe kowanne da hatimi, a sa hannu, ɗaya a bar masa, ɗaya ya tafi gwaji, ɗaya a adana, kuma duk hannun da ya karɓa ya rubuta suna da rana. Kayan da aka loda a mota gaban kyamara aka kai wani sito ba tare da wannan ba, sun yi amfanin labarai, amma da wuya su ɗaure kowa.

Masu neman a kafa wata sabuwar hukuma ta abinci a Abuja ba su duba inda abin ya tsinke ba. Hukuma ta goma sha ma a tashar ruwa da masana'anta za ta tsaya. Gyaran da ya dace da abin da ya faru a Kano ƙanana ne, kuma dokokin da ake da su sun ishe su. Kayan haɗin abinci irin ɗan tsami da kala da sinadarin hana lalacewa a daina auna su. Masu rajista su ƙunsa su a ƙananan fakiti na giram 50 da 100 da 500, kowanne da suna da lambar rukuni, yadda mai ƙaramin jari za ta iya saye a rufe. Shagon da ke sayar da sinadaran sabulu da rini da fenti kada ya sayar da na abinci. Duk ɗan sarin da ke karɓar buhu ya riƙe littafi: daga wa ya saya, wace lamba, wa ya sayar wa. NAFDAC ce za ta rubuta waɗannan sharuɗɗa, amma mai duba littafin kowane wata sai duba-gari, da hannun ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma izinin shagon ya rataya a kansa.

Sai hanyar samfur. A rubuta yarjejeniya tsakanin jiha da NAFDAC cewa kowace ƙaramar hukuma tana da gurbin samfur biyar a wata, kyauta, a ninka shi a watanni biyun da ke gaban azumi, lokacin da cinikin kayan lemo ke tashi. Ƙananan hukumomi 44 sau biyar, samfur 220 ke nan. Jami'in cututtuka da shugaban duba-gari su zauna a ofis ɗaya, fom ɗinsu ya ɗauki lamba ɗaya, yadda jinin da ya tafi Gaduwa da lemon da ya tafi Kaduna za a iya haɗa sakamakonsu a tebur ɗaya. Daga Kano zuwa Kaduna kilomita 230 ne ko kusa da haka, tafiyar wuni ɗaya da dawowa. Mota ɗaya a mako ta isa, in dai an rubuta a kasafin jiha wace ma'aikata ce ke zuba mata mai.